Kawunan da Babu a Rajista

A ofishinmu Jan Biro suke ce mini, kuma ba don ƙauna ba. Shekara goma sha tara ina aikin duba makarantun firamare na gwamnati, kuma babu hedimastan da ya taɓa saye ni da lemon kwalba. In na isa makaranta sai in duba bango, in leƙa banɗaki, in saurari darasi, in ƙirga kawunan yara, in rubuta abin da idona ya gani. Wanda ya ji haushi ya ji da aikinsa.

A wannan shekarar aka ƙaro mana sabuwar doka. An gano wasu makarantu suna cika rajista da sunayen yaran da ko haifarsu ba a yi ba, saboda haka aka ce duk inda muka ƙirga muka ga yara ba su kai kashi biyu cikin uku na rajista ba, a rufe makarantar, a haɗe yaran da wadda ta fi kusa. Na rufe biyu da hannuna, kuma barcina na yi har da minshari.

Ranar Talata da safe ina ɗaura agogo, Yaya ta shigo da mayafina a goge. Ta girme ni da shekara bakwai, kuma tun rasuwar mijinta muke zaune tare. Ba ta yi makaranta ba. Ni nake karanta mata takardar magani, lambar wayata kuwa da siffarta take gane ta. Tun muna yara na taso ina jin ana cewa Yaya ba ta da kan karatu, ni ma na ɗauka hakan ne, ban taɓa tambaya ba.

"Auta, yau kuma wa za ki sa kuka?" in ji ta.

"Wanda bai yi aikinsa ba."

"Allah ya kiyaye bayinsa daga bironki. Ungo, kin manta tabarau, kar ki je ki rufe musu masallacin unguwa a zuwan makaranta ce."

Makarantar tana cikin unguwar da ke bayan kamfanin robobi. Mota ba ta shiga, sai da na sauka a bakin babban titi na taka. Lunguna ne ƙanana, gidajen haya ɗaki-ɗaki, igiyoyin shanya sun ratsa sama, ga wata ƙatuwar kwata ta raba unguwar biyu, an gicciya mata katako uku ana tsallakawa. Abin da na lura da shi shi ne babu manyan mata a waje. Wani tsoho mai gyaran takalmi ya ce mini tun ƙarfe shida suke ficewa, wasu kamfani, wasu kasuwa, wasu wankau a gidajen masu hali.

Tun daga bakin ƙofa warin sabon fenti ya tare ni. Wannan bai dame ni ba. Duk makarantar da ta ji labarin zuwana sai ta yi kwalliya, wata ma har duwatsun tsakar fili ake shafe wa farar ƙasa. Hedimasta ya fito da sauri, gajeren mutum mai tumbi, cikin kwat ɗin da ba ta rufe masa ciki, zufa na bin wuyansa.

"Ranki ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. A kawo ruwa?"

"A kawo rajista."

Ajujuwa shida ne, suna ɗari biyu da arba'in a rubuce. Ke nan ina bukatar in ga kai ɗari da sittin. Na ce mu fara zagaye.

A ƙofar aji ɗaya na kusa faɗuwa. Gefen siket ɗina ya maƙale a wani ɗan ƙarfe da aka kafe a ƙasan ƙyauren, akwai irinsa a ɗaya gefen, kamar wurin zura wani abu. Na duba sauran ƙofofin, kowacce da nata.

"Wannan fa na mene ne?"

"Ado ne, ranki ya daɗe. Haka muka gaji ginin."

Na shiga. Tebura tsofaffi ne amma a share, sai dai kowace kusurwa an naɗe ta da yankakken tiyub na taya, an ɗaure tam.

"Wannan kuma fa?"

"Don kada teburin ya ji ciwo, ranki ya daɗe."

Na dube shi ta saman tabarau. Na ga maƙaryata iri-iri a aikin nan, amma ban taɓa ganin wanda ƙarya take wahalarwa kamar bawan Allah nan ba. Har tausayi ya ba ni.

Malamar ajin tsohuwa ce, doguwa, siririya, yara suna kiranta Malama Kaka. Ba ta yi mini rawar jiki ba, gaisuwa ɗaya ta ci gaba da darasinta. Na zauna a baya na buɗe takardata. Ta rubuta jimla a allo, ta nuna da sanda, yaran suka karanta tare, sai na ji wani abu bai yi mini daidai ba. Na daɗe kafin in gane mene ne. Ko'ina na je, in 'yan aji ɗaya suka karanta tare, sai ka ji kamar kwanon rufi zai ɗage. Waɗannan kuwa ƙasa-ƙasa suke yi, murya a tattare, kowace kalma ta fita sarai amma babu ihu. Malamar ma haka take magana. Da ta kira wani yaro allo, sai ya taso yana kallon ƙasa, yana ɗaga ƙafa a hankali, kamar mai tsoron taka ƙwai, alhali babu komai a daɓen.

Karatu dai sun iya. Na zaɓi yara biyar da kaina, ba waɗanda ke ɗaga hannu ba, huɗu suka karanta mini ba gargada, na biyar ya yi tuntuɓe sau biyu ya gyara da kansa. A aji huɗu na ba su lissafi, suka cinye. Na duba littattafan rubutu na ga jan biron malamai a kowane shafi, ba irin na daren jiya da ake yi don baƙo ba, tun farkon zango. Wasu shafukan dai a yage suke, wasu da alamar an tauna gefensu. Gaskiya na daɗe ban ga koyarwa mai kyau haka a makarantar talakawa ba, kuma na ji daɗi, duk da ban bari ya fito a fuskata ba.

Amma benci-benci rabi babu kowa. Na ƙirga aji-aji, na sake ƙirgawa don kada in zalunci kowa. Ɗari da talatin da ɗaya. Na rubuta da jan biro a gurbinsa, hedimasta yana tsaye a kaina yana leƙe. Na ji numfashinsa ya canja.

"Ina sauran yaran?"

"Mura, ranki ya daɗe. Ana fama da mura a unguwar."

"Yaro ɗari da tara?"

"Mai ƙarfi ce."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ga malamai na kirki, shugabansu ya cuce su da sunayen bogi. Na ce ya tsaya nan, zan duba banɗaki ni kaɗai.

Banɗakin yana bayan ajujuwa, sai an bi ta wani siririn lungu tsakanin gini da katanga. Ina karya kwana na gan ta. Yarinya ce da ba ta wuce shekara tara ba, siririya kamar a hure ta ta faɗi, cikin kayan gida, ta durƙusa a ƙarƙashin tagar aji uku. Littafi a kan gwiwarta, guntun fensir a hannu, ga wani ƙaton yaro a goye a bayanta yana barci, kumatunsa sun baje a kafaɗarta. Tana ɗan jijjiga shi tana rubutu a lokaci guda. Katangar tana da wani rami ta ƙasa, na gane ta nan ta shigo.

Da ta gan ni ta miƙe tsuru-tsuru, ta ɓoye littafin a bayan goyon.

"Me kike yi a nan?"

"Ba na nan, Malama."

"Ba kya nan?"

"Hedimasta ya ce yau ba ma nan."

Na durƙusa daidai tsayinta, gwiwoyina suna ƙara. Na tambayi sunanta, ta ce Tsinke ake ce mata. Na ce in ba ta nan, me ya kawo ta.

"Yau ake fara lissafin rabawa mai saura. In na rasa ranar farko ba zan gane ba." Ta leƙa bayana. "Don Allah kar ki faɗa wa matar da ta zo. An ce in ta ga jarirai za ta kori Hedimasta."

"Waɗanne jarirai?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina rana take fitowa.

"Namu mana. Da muke zuwa da su."

Sai komai ya faɗo mini wuri ɗaya: ƙarafan ƙofa, tiyub ɗin tebura, karatun ƙasa-ƙasa, yaron da ke ɗaga ƙafa don kada ya taka abin da yau babu shi. Na ce ta biyo ni. Ta ƙi motsi sai da na rantse mata ba za a dake ta ba.

Da hedimasta ya hango mu, sai ya zauna a kan dakalin baranda kamar an zare masa ƙashi. Malama Kaka ta fito daga ajinta, alli a hannu, ta dubi Tsinke, ta dube ni, ta ce masa, "Ai na faɗa maka."

Ita ta ba ni labarin, a tsaye, ba kwana-kwana. Shekara tara da suka wuce ta lura 'yan ajinta suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya da zarar an yaye ƙani a gidansu. Uwa za ta koma aiki, babu mai riƙe yaro sai babbar ɗiya ko babban ɗa. Wata rana ta bi wata yarinya har gida ta ce ta ɗauko ƙanen su taho tare. Daga ɗaya aka koma biyar, daga ajinta ya bazu sauran ajujuwa. Wani kafinta a unguwar ya yanka musu katakai daidai gwiwa da ake zurawa a ƙofa don kada masu rarrafe su fice. Ta kai ni sito ta nuna mini: katakai shida a jingine, tabarmi a naɗe, bokiti cike da ƙananan kofunan roba, kowanne da zare mai launi daban a hannunsa.

"Su nawa ne jariran?"

"Arba'in da ɗaya. Ran Litinin sukan kai arba'in da biyar."

"To ai arba'in da ɗaya ba ɗari da tara ba ne."

"In babbar ba ta fito ba, wa zai tsallakar da ƙannenta kwata? Hedimasta ya hana goyo ɗaya, ya zaunar da yara uku a gida."

Hedimasta ya share fuska da hannun kwat. "Ranki ya daɗe, doka ta goma sha huɗu. Ba a yarda wanda ba ya cikin rajista ya zauna a aji ba. Wanda ya zo shekara shida baya ya ce in ya sake gani zai sa a sauke ni. Da na ji ke za ki zo, wallahi kwana uku ban ci abincin kirki ba. Na tara yara jiya na ce kada wanda ya zo da ƙani. Ban yi lissafin kawuna ba. Ni da nake koyar da lissafi."

"Ka san abin da ɗari da talatin da ɗaya yake nufi?"

"Na sani."

"In an rufe nan, ina za su?"

"Ta tsallaken babban titi," in ji Malama Kaka. "Tana da get, tana da maigadi. Ko jakar da ta yi girma sai ya buɗe, balle goyo."

Na rasa wanda zan yi wa faɗa. Dokar ta goma sha huɗu na san ta, na sha kama mutane da ita. Adadin kuma na riga na rubuta, kuma ni ban taɓa goge abin da na rubuta ba, da wannan nake taƙama a ofis. In na miƙa takardar yadda take, makaranta ta tafi. In na faɗi dalili, na miƙa wuyan mutumin nan. Na tattara takarduna na ce ban gama ba, za su ji daga gare ni. Ina fita na ji Malama Kaka tana cewa, "Tsinke, tunda an gan ki, shiga ki zauna, kar rabawar ta wuce ki."

La'asar na isa gida. Yaya tana tsakar gida tana ninke wanki, ta dubi fuskata ta ce, "Yau ke aka sa kuka ke nan."

Na zube a kujera na kwashe komai na faɗa mata, ina yi ina masifa. Na zagi wautar hedimasta, na zagi wanda ya rubuta dokar, na zagi kwatar. Ban lura ta daina ninkewa ba sai da na kai ƙarshe. Tana riƙe da zanen gado, rabi a ninke.

"Da goyon suke barinsu su shiga?"

"Abin da nake gaya miki ke nan."

"Har cikin aji? Su zauna a benci?"

"Har cikin aji, Yaya."

"In yaron ya yi kuka fa?"

"Wai sai a fita da shi baranda a lallashe shi a dawo. Malamar takan jira."

"Takan jira," ta maimaita. Ta ajiye zanen a kan cinyarta tana shafa shi. "Ashe akwai inda ake jira."

Na ce me take nufi. Ta yi 'yar dariya, irin wadda take yi in za ta faɗi abin da ya dame ta.

"Ni ma fa na je makaranta, Auta. Kwana huɗu."

Na gyara zama. Shekarata hamsin, ban taɓa jin wannan ba.

"Lokacin Inna ta fara aiki a gidan wasu masu hali, ke kuma an yaye ki. Ta ce in zauna da ke. Ni kuwa na ga 'yan layinmu suna tafiya da jaka, sai na goya ki na bi su. Ranar farko kika yi barci. Ta biyu kika yi barci, na ce kai, ƙanwata 'yar albarka ce. Ta uku kika tsula fitsari ya gangara ƙarƙashin benci, aji ya ɗauki dariya, na goge da ɗankwalina. Ta huɗu kika buɗe wannan bakin naki." Ta nuna ni da haɓa. "Tun lokacin ba ki da daɗin murya. Malamin ba mugu ba ne. Cewa ya yi in kai ki gida in dawo."

"Sai kika ƙi dawowa?"

"Na kai ki gida, na tarar da ƙofa a rufe yadda na bar ta. Wa zan ba?"

Ta ɗauki zanen ta ci gaba da ninkewa.

"Amma aka ce ba ki da kan karatu."

"Inna ce take faɗa. Ya fi mata sauƙi a baki, ni ma ban ga laifinta ba. Me za ta ce? Kai kuwa ina da shi. Kullum harafi ɗaya yake koya mana, kuma duk na riƙe." Ta dangwala yatsa a ruwan da ya taru a bakin bokiti, ta zana a daɓen siminti, a hankali, a karkace: a, e, i, o. "Ya ce biyar ne 'yan gidan, gobe za mu ga autansu. Sunansa na sani, ina jin yara suna rerawa. Fuskarsa ce ban taɓa sani ba."

Na zauna ina kallon haruffan suna bushewa. Shekara goma sha tara ina bin makarantun mutane ina tuhumarsu ina yara suka tafi, ga wadda ta tafi saboda ni tana goge mini mayafi kowace safiya. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "Yaya, me ya sa ba ki taɓa ce in nuna miki ba?"

"Ke kullum a gajiye kike dawowa. Kuma ai kin yi mana mu biyu." Ta miƙo mini gefen zanen. "Kama nan, kar ki zauna kina yi mini hawaye a kan wanki."

Muka ninke tare. Da muka gama na ɗauki waya na kira hedimasta. Ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara ta biyu.

"Gobe ƙarfe takwas zan dawo. Ka mayar da katakan nan ƙofofinsu. Ka aika gida-gida, kowa ya zo yadda ya saba zuwa."

"Ranki ya daɗe, da... da su?"

"Da su. Kuma ka cire kwat ɗin nan kafin ta kashe ka."

Da safe na fito na tarar da Yaya a shirye, ta sa kayanta na unguwa, har da turare.

"Ina zuwa?"

"Zan gani da idona. Ke ba a yarda da labarinki, kin cika ƙari."

Mun tsallaka kwatar tana riƙe da hannuna, ko ni nake riƙe da nata, ban sani ba. Tun daga lungu muka shiga cikinsu: yara cikin yunifom da ya koɗe, wannan da goyo, wannan ya saɓa ƙani a kafaɗa, wannan tana jan biyu a hannu tana yi musu faɗa kamar uwar gida. Hedimasta yana bakin ƙofa cikin rigarsa ta kullum, yana kiran jariran da sunayensu ɗaya-ɗaya. Sai a lokacin na ga ashe mutum ne mai fara'a.

Na ɗaga ƙafa na tsallake katakon aji uku. Tabarma a shimfiɗe a bayan aji, jarirai huɗu suna barci, biyu suna kokawa a kan murfin kwalba. Kofuna a rataye a ƙusoshi daidai gwiwa. Tsinke tana benci na biyu, ƙaninta kuwa ya farka, yana bin tebura yana dafawa, yana janyo littafin kowa ya duba ya jefar.

"Ya sunansa?" na tambayi na kusa da ni.

Yaron ya sunkuyar da kai. Aji ya fara gunagunin dariya. Tsinke ce ta yi ƙarfin hali. "Sufeto ake ce masa, Malama. Wai don ba ya barin littafin kowa."

Na haɗe rai iya ƙarfina, amma Yaya ta riga ta fashe da dariya a bakin ƙofa, sai nawa ya kuɓuce.

Na ƙirga aji-aji. Ɗari biyu da ashirin da shida. Na zauna a ofishin hedimasta na ja layi ɗaya a kan adadin jiya, yadda kowa zai iya karanta shi, na rubuta na yau a gefe na sa hannu. Takardar ba ta da gurbin jarirai, sai wani ɗan fili a ƙasa na ƙarin bayani, layi uku. Na cika shi, na juya bayan takardar na cika, na karɓi fallen takarda biyu a wurin hedimasta na ci gaba. Na rubuta jarirai arba'in da uku da na gani, da katakai, da kofuna, da abin da ya faru jiya da dalilinsa. Na rubuta cewa makarantar tana karya doka ta goma sha huɗu kowace rana, kuma da wannan karyawar yara kusan ɗari suke samun karatu. Na ba shi ya karanta. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe. Ba ki ƙara ba, ba ki rage ba."

Rahoton nan ya sa an kira ni gaban shugabanmu sau biyu. Hedimasta ya sami takardar gargaɗi, ya sa ta a aljihun tebur ƙarƙashin alli. Makarantar ba a rufe ta ba. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar, da na fito daga ofis, sai na nemi Yaya na rasa. Na same ta tsaye a ƙofar aji ɗaya, bayan katakon, Sufeto a hannunta. Ya fara rigima ne ta karɓe shi don Tsinke ta yi rabawarta, ya kuwa lafe a ƙirjinta yana wasa da ɗan kunnenta. Malama Kaka ta hango ta.

"Shigo mana, 'yar'uwa, ga wuri."

Yaya ta dubi yaron, ta dube ni. "Ana shiga da shi?"

"Ana shiga, Yaya," na ce.

Ta tattare zanenta ta tsallake katakon, ta zauna a ƙarshen bencin baya, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Ita ma ba ta cikin rajista. Na matsa kusa da Malama Kaka na raɗa mata magana a kunne. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta goge allo ta ce, "Yara, mu tuna 'yan gida biyar."

Ta rubuta na farko, aji ya faɗa ƙasa-ƙasa, na ga leɓen Yaya ya motsa tare da su. Na biyu, na uku, na huɗu, tana gyaɗa kai kamar mai gaisawa da tsofaffin maƙwabta. Sai malamar ta ɗora alli ta sauko, ta lanƙwasa, ta hau.

"U," in ji yara.

Yaya ba ta faɗa ba. Ta ƙura wa allon ido, ta daɗe, sannan ta waiwaya ta dubi kofunan da ke rataye a bango, ta sake duban allon.

"Auta," ta ce, a hankali don kada ta ta da masu barci, "ashe ɗan kofi ne. Duk shekarun nan, ashe ɗan kofi ne kawai."

Ta kama yatsan yaron da ke cinyarta, ta ɗora a kan tebur, suka zana shi tare.